Haƙarƙarin Nomau

Aikina ke nan a asibitin Maradi:
in tsai da mutum gaban ƙarfe mai sanyi,
in ce masa, "Ja numfashi. Riƙe. Kar ka motsa."
Shekara goma sha tara ina faɗin haka.
Bana na lura
mutanen garinmu sun daina iya riƙewa.

Ran Talata aka kawo Nomau,
ɗan kabu-kabu mai tsayawa bakin babbar kasuwa.
Na san shi. Ya sha kai ni Ali Ɗan Sofo
ya ce in bar kuɗin sai wata ya mutu.
Bai taɓa sa taba a bakinsa ba,
matarsa Cima ta rantse har sau uku
kamar ni ne alƙali.
Na ce na yarda. Tabarsa a kan titi take:
salansar kamiyon da ke gabansa,
man kwalba da aka tace da tsumma,
baƙin man da ya ƙone ya ƙi mutuwa,
tun kiran assalatu har a watse isha'i.

Na ɗaga hoton ga hasken taga.
A sana'armu huhu mai lafiya baƙi yake fitowa,
cuta ce ke sa fararen kaya.
Duk baƙin da Nomau ya shaƙa
ga shi nan fari fat,
kamar nono ya zube a kan zanen turmi.
Zuciyar ta kumbura,
ta ci iyakar maƙwabta kamar gonar mai ƙarfi.

Sai idona ya tsaya a haƙarƙarin:
jere, jere, tazara ɗaya,
ƙashin baya ya ratsa su ya wuce.
Wallahi dogo na gani.

Da ma ina da wani mafarki da ban gaya wa kowa ba,
don kar a ce mai hoto ya taɓu:
jirgi na cikin gari, mai jan wutar lantarki,
ya taso daga Tibiri da hantsi,
ya tsaya Zariya, ya tsaya Bagalam,
ya sauke mata da kwandunan tumatir na Jiratawa,
ya wuce bai yi tari ba.
Na ji an ce a wasu birane masu nisa
da irinsa ya kama aiki, motoci suka ragu,
masu ƙidaya sun ga makara ta samu hutu.
Ban gani da idona ba.
Takarda ce, takarda kuwa ba ta numfashi.

Na gaya wa Nomau, don in ɗebe masa kewa.
Ya yi dariya, dariyar ta koma tari,
tarin ya daɗe har Cima ta juya baya.
Da ya samu kansa ya ce,
"Malam, in jirginka ya zo,
wa zai hau bayana?
Hayaƙin nan da kake zagi
shi ke dafa tuwon gidana."

Na buɗe baki. Na rufe.
Na sa hoton cikin ambulan,
na rubuta sunansa da kyau, harafi harafi,
abin da na iya ke nan.

Kwana tara ya yi.
An kai shi bayan la'asar,
ƴan kabu-kabu fiye da hamsin suka raka,
kowane babur da tasa wutsiyar shuɗiya,
har liman ya riƙa kare hanci da gefen rawani.

Jiya da na tashi aiki
babur ɗin na tarar a bakin ƙofa,
madubin hagu har yanzu ɗaure da roba.
Ɗansa Mantau ne a kai,
ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa.
Na hau. Ina zan ƙi?

A mararraba wani kamiyon albasa ya tsaya gabanmu,
ya buɗe mana cikinsa.
Na ji bayan yaron yana hawa yana sauka
a jikin ƙirjina.
Na ce wa kaina, ja numfashi, riƙe.

Goma sha ɗaya na ƙirga.